Gora, Koma da Idon Raga: Yadda Kayan Su Suka Sauya a Gabashin Gumel

Ƙasar Gumel ba ta da kogin da ke kwana da ruwa shekara. Daga Sule Tankarkar har Maigatari rairayi ne da rijiyoyi masu zurfi, sai tafkunan da damina ke cikawa, rani ya zo ya lashe su. Tun da Sarki Muhammadu Ɗan Tanoma ya taso da sarauta daga Tumbi zuwa Gumel, an san Lautai, wato ƙasar Gumel, da doki da gero da fatauci, ba wanda ya san mu da su. Amma muna cin kifi, kuma kowace kaka akwai mutanenmu da kan ɗaure kaya su gangara fadamar Haɗeja cin rani. Kawuna yana cikinsu, a hannunsa na fara ganin kayan wannan sana'a.

Jirginsa gora ne, ƙaton duma da aka fafe aka bar masa ɗan baki a sama. Masunci yakan kife cikinsa a kai, ƙafafu na tuƙi a baya, hannaye biyu riƙe da koma. Duk kifin da ya kama sai ya jefa ta bakin goran. Abu ɗaya ya zama abin hawa, ya zama ma'aji. Mutum ɗaya yake ɗauka, ba ya ƙara, kuma yana kutsawa cikin ciyawar da kwalekwale ba zai shiga ba.  

Abin da na fi so a lura da shi, a da kusan duk kayan su daga gona da maƙera suke fitowa. Duma a bayan gida ake shuka shi. Zaren koma na auduga ne ko na rama, a murza a cinya, a saƙa a gindin bishiya. Maƙeri ke ƙera ƙugiya da mashi. Totuwar kara ita ce ke yawo a saman ruwa, in ta nutse ka san an taɓa. Sankiya kuwa da siraran rassan itace ake saƙa ta, a girke a mashigar ruwa. Saboda zaren yana ruɓewa, dole a shanya shi kullum a yi masa ɗinki, wannan kaɗai ya isa ya rage yawan kwanakin da mutum zai yi a ruwa. Kifi yana samun hutu ba da niyyar kowa ba.

Zaɓen koto shi ne ilimin. Tarwaɗa makwaɗaiciya ce, tana bin ƙasa tana sansana, don haka tana ko hanjin kaza ko ɗan gutsuren sabulu sun ishe ta. Karfasa ta fi son dusa da gara. Giwan ruwa ba ya kallon mushe, sai an maƙala masa ƙaramin kifi mai rai yana motsi, kuma igiyar ta zama mai kauri. Tsage kuwa haƙoransa kan datse zare, sai an sa waya a wuyan ƙugiya. Na taɓa tambayar kawu me ya sa yake ɗaura wasu ƙugiyoyi da yawa a doguwar igiya ba koto ko ɗaya. Ya ce, "Kai ɗan nan, mamari ba ya roƙon kifi. Shimfiɗa shi ake a hanyarsa da dare, ya zo wucewa ya sarƙe." Kurungu ne kawai yake tsine wa, saboda ƙayarsa ta sha huda masa tafin hannu.

Mu yaran Gumel namu sun bai wuce tafki ba. In ruwa ya ja baya a dama shi da ƙafa har tarwaɗa ta ɗago kai, a kife ta da kwando. Da rani kuma a bi busasshen laka ana haƙar gaiwa, wadda ke naɗe kanta a ƙasa ta jira wata daminar.

Sauyi ya fara da hanya. A 1930 layin dogo daga Kano ya isa Nguru, ya ratsa ta Gagarawa da Malam Madori. Banda da busasshen kifi suka samu hanyar zuwa Kano da kudu, su ya tashi daga neman na miya ya koma neman kuɗi. Daga baya zaren lailon ya shigo, wajen shekarun samun 'yancin kai. Ba ya ruɓewa, kifi ba ya ganinsa sosai. Kalli da birgi mai dalma a baki da taru suka yawaita, ƙugiyar kanti mai lamba ta kori ta maƙeri. Mai saƙa koma ya zama mai sayen raga a kasuwa, sau da yawa bashi daga dillalin da zai karɓi kifin.

Sai ruwan kansa ya ragu. An yi farin 1973, aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aka sake wani farin a 1984, sannan dam ɗin Challawa ya zo a 1992. Ambaliyar da kan malale fadamar Haɗeja da Nguru, inda kifi ke zuba ƙwai a cikin ciyawa, ta takure. Kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Wasu masuntan suka wuce Tafkin Chadi, su Baga da Doron Baga, can ma tafkin da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya tsuke ƙwarai. Daga can aka yayo mali, tarkon raga da aka laƙaba wa sunan ƙasar da ya fito. A zuba dusa a ciki, a jera ɗaruruwa a tare hanya.

Ni a ganina, wanda ke son sanin tarihin ruwan nan ya auna idon raga. Ta kawu yatsu uku ko huɗu ke shiga, ƙaramin kifi ya fice abinsa. Yau har gidan sauron da aka raba don zazzaɓi ana ja a ruwa, ya kwashe uwa da 'ya'ya. Magimfa da ake dakawa a da don gigita kifi a ɗan gurbi, wasu sun maye ta da maganin ƙwarin gona. Ba na ɗora laifin duka kan masunci, mai iyali da ruwansa ya ƙafe ba zai tsaya zaɓe ba. Amma dā Sarkin Ruwa yakan rufe gurbi, ba mai jefa ko fatsa sai ranar da ya buɗe, kuma ana jin maganarsa.

Wannan tsarin ya fi saura a bukukuwa. A Argungu, inda bikin ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, gora da koma kaɗai aka yarda a shiga Matan Fada da su, haka ma Badawa ke yi a Gorgoram. A fadamar Haɗeja har yanzu za ka ga mai gora, sai dai samari da yawa sun koma ɗaure jarkoki biyu ko hawa tubun mota, don babban duma ya yi wuyar samu. Kifin da ake kasawa ranar Alhamis a Maigatari kuwa, wani bandar Haɗeja ne, wani tarwaɗar kiwo ce da aka ciyar da abincin buhu, wani kuma na kwali ne da ya taso a ƙanƙare tun daga Legas.