Ciyayya

Bahaushe bai aro wannan kalma daga ko'ina ba. Daga aikatau "ci" ta fito, aka liƙa mata ɗafa-ƙeyar "-ayya", wadda kan nuna abin da ke gudana tsakanin mutane. Haka "so" ta haifi soyayya, "ƙi" ta ba da ƙiyayya, "ja" kuma jayayya.

Walima da liyafa daga Larabci suka shigo, kuma a duka biyun akwai mai gayyata da wanda aka gayyata. Ciyayya ba ta da mai masauki. Bayan sallar magariba ko isha'i magidantan unguwa kan shimfiɗa tabarma a zaure ko ƙofar gida, yara su fito da kwanon kowane gida: wannan tuwon dawa miyar kuka, wancan dambu. A fara da kwano ɗaya, in ya ƙare a jawo na gaba.

Abin da ya fi burge ni shi ne rufin asirin da ke ciki. Wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba zai zauna ya ƙoshi, ba mai tambayarsa ina kwanonsa. Baƙon da dare ya yi masa ma "bisimilla" kawai za a ce masa.