Agaji da Kamun Ƙafa a Zangon Agege: Inda Doka ta Shata Iyaka

Zaman Hausawa a Legas ya girmi Nijeriya kanta, domin tun a 1863 Bature John Glover ya kafa rundunarsa da Hausawan da ya tarar a garin. Amma zangon Agege ya bunƙasa ne da zuwan jirgin ƙasa, wanda layinsa ya ratsa garin ya kai Ibadan a 1901, sannan ya isa Kano a 1911. Da manoman yankin suka karkata ga dashen goro irin na Gwanja, wanda a da sai fatake sun yi doguwar tafiya zuwa ƙasar Asante kafin su same shi, sai 'yan kasuwar Kano, Katsina da Sakkwato suka riƙa sauka kusa da tasha suna saye, suna ɗaurewa da ganye suna aikawa Arewa. Cinikin shanu ya biyo baya.

A wannan tsari fatoma, wato mai masaukin da baƙon ɗan kasuwa ke sauka a gidansa, shi ne ginshiƙi. Shi ke ciyar da baƙo, ya adana masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ci bashi, kuma idan rai ya yi halinsa shi ke nemo likkafani ya aika wa dangi labari. Sarkin Hausawa kuwa yana yin irin wannan aiki ga zango baki ɗaya, yana raba gardama a cikin gida, yana kuma zuwa gaban sarakunan gari da jami'an gwamnati kan filin masallaci, maƙabarta ko harajin kasuwa. Wannan na biyun shi ne kamun ƙafa, wato bin masu iko ta hanyar lallashi da sanayya don su yanke hukuncin da zai amfani jama'a. Mutanen zango ba su taɓa ɗaukar agaji da kamun ƙafa a matsayin ayyuka biyu ba, domin wanda ya ciyar da mutum shi ake sa ran zai yi magana da yawunsa.

Dokar Turawa ta 1924 ta ba al'umma damar yi wa amintattunta rajista don su riƙe fili da dukiya da sunanta ko da shugabanni sun shuɗe, amma ba ta damu da abin da ƙungiya za ta faɗa wa hukuma ba. Siyasar jam'iyyu ce ta tayar da batun. Jam'iyyar Mutanen Arewa ta fara ne a matsayin ƙungiyar al'adu kafin ta zama NPC a 1951, kuma Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda Hausawan Kurmi suka sake ɗinke kansu ta hanyar ɗarikar Tijjaniyya lokacin da ikon sarkin zango ya fara raunana. A watan Mayun 1966 gwamnatin Aguiyi-Ironsi ta fitar da Dokar Soja mai lamba 33, ta rushe jam'iyyu tare da ƙungiyoyin ƙabila irin su Ibo State Union, kuma daga nan hukuma ta riƙa yi wa duk ƙungiyar 'yan gari ɗaya kallon jam'iyya mai jiran lokaci.

Iyakar da ake aiki da ita yanzu tana cikin kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya gaje ta daga na 1979. Sashe na 40 ya ba kowa 'yancin kafa ƙungiya don kare muradunsa, sai sashe na 221 ya hana kowace ƙungiya, in ba jam'iyya ba, nema wa ɗan takara ƙuri'a ko saka kuɗi a asusun jam'iyya ko a hidimar zaɓensa, sannan sashe na 229 ya fayyace cewa hanin ya haɗa da ƙungiyoyin ƙabila, al'ada, sana'a da addini. Ke nan ƙungiyar agaji a Agege tana da damar kai koke majalisar dokokin jiha, ta rubuta wa gwamna, ta kira 'yan jarida ko ta garzaya kotu, amma ba ta da damar bin gida-gida tana cewa a zaɓi wane. A Amurka an fi tsanantawa ta fuskar haraji, inda tun 1934 aka ce kamun ƙafa kan dokoki kada ya zama babban kaso na aikin ƙungiyar da aka yafe wa haraji, kuma a 1954 gyaran Lyndon Johnson ya hana ta shiga yaƙin neman zaɓe. Nijeriya ba ta da ma'aunin da ke cewa ga iya kamun ƙafar da aka yarda da shi, kuma wannan sassauci ya yi wa baƙi mazauna Legas rana.

An ga amfaninsa a lokutan tashin hankali. Bayan rikicin kasuwar Mile 12 da ke Ketu a Nuwamban 1999 da na Idi-Araba a Fabrairun 2002, shugabannin al'umma da 'yan agajin masallatai ne suka ɗauki ɗawainiyar waɗanda suka rasa muhalli, kuma su ne suka zauna da hukuma kan tsaro da komawa kasuwa. Haka kuma da gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta taƙaita acaba a wasu ƙananan hukumomi a Fabrairun 2020, ta sake tsanantawa a Yunin 2022, matakin ya shafi samarin Arewa masu tarin yawa, waɗanda ba su da wata murya sai ta ƙungiyoyinsu. Matsalar tana zuwa ne da kakar zaɓe, lokacin da ake ganin tarurrukan nuna goyon baya da sunan al'ummar Arewa mazauna Legas, abin da ke daf da ƙetare sashe na 221, kuma yana rage wa ƙungiya kwarjini, domin wadda ta karɓi goron ɗan takara da wuya ta iya ɗaga masa murya bayan ya hau kujera.

Dokar kamfanoni ta 1990 ta mayar da rajistar amintattu hannun hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. Ƙudurin ɗan majalisa Umar Buba Jibril na 2016, mai neman kafa hukumar sa ido kan ƙungiyoyi masu zaman kansu, ya sha suka a zaman jin ra'ayin jama'a na Disamban 2017, bai kuma zama doka ba. Sai dai sabuwar dokar kamfanoni da Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Agustan 2020 ta zo da sashe na 839, wanda ya ba CAC ikon dakatar da amintattu da naɗa manajojin riƙo idan ana zargin almundahana ko rashin iya gudanarwa, ko don abin da aka kira maslahar jama'a. Ƙungiyar Kiristoci ta CAN ce ta fi ɗaga murya a kai, amma haɗarin ya fi kusa da ƙananan ƙungiyoyin zango, waɗanda ba su da manyan lauyoyi kuma aikinsu kan kai su ga saɓa wa hukuma. Binciken kuɗin sadaka haƙƙi ne na waɗanda suka bayar, kuma wajibi ne ƙungiyoyin Agege su riƙe littafin shiga da fita su kuma nisanci asusun 'yan takara, amma bai dace a bar kalmar maslahar jama'a babu fassara a hannun hukumar da gwamnati ke naɗa shugabanninta ba.