TARIHIN SHISHA DA SUNAYENTA



Dattawa da yawa a ƙasar Tasawa da Mayahi suna tambaya, wace irin tukunya ce wannan da samari ke kewayewa da dare, tana ɓulɓul kamar tulu a bakin rijiya? Kakanninmu lofe suka sani, da garin taba da ake tauna da kanwa. Wannan kuwa baƙuwa ce, kuma sunayenta ma sun isa su ba da labarinta.

Ita taba daga Amurka ta fito, bayan 1492. Tukunyar ruwa kuma ta bayyana a Farisa da Indiya. Ana danganta ƙirarta ga Abul Fathi Gilani, likita a fadar Sarki Akbar, wanda ya mulki Indiya daga 1556 zuwa 1605. An ce ya yi zaton in hayaƙi ya bi ta ruwa zai wanku.

Da ƙwaryar kwakwa aka riƙa yin ta, shi ya sa Turkawa ke ce mata nargile, daga sunan kwakwa da Farisanci. Da aka koma yin ta da gilashi, sai Misirawa suka ce shisha, ita ma kalmar Farisanci ce mai nufin gilashi. Wasu kuwa kukan ruwan suka bi. A Indiya ana cewa gurguri, Ingilishi kuma suka ce habul-babul, kalmomi biyu masu amsa juna kamar ƙafiyar waƙa.

Bayan 1990 taba mai zaƙi da ƙamshin 'ya'yan itace ta bazu daga Masar, har ta iso garuruwanmu.

To, zaton likitan nan bai tabbata ba. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a zama ɗaya mutum na iya zuƙar hayaƙin da ya kai na sigari 100 ko fiye. Gawayin da ke kanta yana fitar da iskar nan mai guba da ke kashe wanda ya kwana da garwashi a rufaffen ɗaki lokacin ɗari. Karɓa-karɓar baki ɗaya kuma hanya ce ta tarin fuka. A 2022 ƙasar Mali ta haramta ta.

Saboda haka, 'yan'uwa, in za ku komo gida da damina, kada ta shiga cikin tsaraba. Ƙannenku abin da suka gani a hannunku shi za su ɗauka.

Allah ya shirya mana zuriya, amin. Haza wassalam.