Daga "makantar kalma" zuwa kotun ƙoli: tarihin wata lalura a ƙasar Jamus

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri da ni.

Akwai wani abokin aikina a ofis, na nemi izininsa kafin na kawo maganarsa, sunansa ne kawai zan sakaya. In ana taron kasafin kuɗi, shi ke warware mana lissafin da ya cakuɗe, da baki, ba takarda a hannunsa. Amma ka miƙa masa takardar shafi biyu, sai ya kwashe kusan awa guda a kanta. Ka faɗa masa lambar waya, sai ka maimaita sau uku. Ya ce min a firamare sunansa daƙiƙi, kuma ya sha bulala a kan haka. Shi ya sa da na ci karo da hukuncin da kotun tsarin mulkin Jamus ta yanke ranar 22 ga Nuwamba 2023, na bi tarihin abin tun daga tushe.

A 1877 wani likita Bajamushe, Adolf Kussmaul, ya yi bayanin majinyata manya waɗanda idonsu lafiya lau, bakinsu na magana, hankalinsu na nan, amma karatu ya ɓace musu bayan ciwon ƙwaƙwalwa. Ya kira abin "makantar kalma". Bayan shekara goma, a 1887, wani likitan ido a birnin Stuttgart mai suna Rudolf Berlin ya fitar da ɗan littafi a kan majinyatansa, su ma manya, masu karanta kalma uku zuwa biyar sai su tsaya cak. Shi ne ya raɗa wa lalurar suna disleksiya, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin wahala da kalma. Ku lura, manyan da suka taɓa iya karatu ne aka fara gani. Batun yaron da aka haifa da matsalar ya fito fili ne a 1896, lokacin da wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira wanda karatu ya gagara.

A ƙasashen masu jin Jamusanci wani sunan ne ya kama baki: legasteni, wato raunin karatu. Paul Ranschburg, likitan ƙwaƙwalwa a Budapest, shi ya ƙirƙiro shi a 1916. To amma a wancan zamanin yaron da ya kasa karatu, makarantar masu raunin hankali aka fi tura shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne in ka tuna dokar da gwamnatin Hitler ta kafa a 1933 ta hana masu "cutar gado" haihuwa da ƙarfin tsiya. Mutane kusan 400,000 aka yi wa tiyatar, kaso mafi girma da sunan raunin hankali na haihuwa, kuma ɗaliban irin waɗannan makarantu na cikin waɗanda aka fi sa wa ido.

Sai a 1951 wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Zurich, Maria Linder, ta raba abubuwan biyu. Ta ce legasteni shi ne yaro ya gaza a karatu alhali basirarsa daidai take da ta sa'o'insa. A ganina wannan ita ce gaɓa mafi muhimmanci a duk tarihin. Duk da haka rigima ba ta ƙare ba. A shekarun 1970 wasu masana suka ce ai sunan ma ba shi da tushe a kimiyya, har ministocin ilimi na jihohin Jamus ta Yamma suka ajiye shi a 1978, suka koma cewa "wahalar karatu da rubutu". Jihar Bavariya ta dawo da shi a 1999, ta ba ɗalibai ƙarin lokaci a jarrabawa, ta kuma yafe musu makin ƙa'idar rubutu. Ilimi a Jamus hurumin jihohi 16 ne, kowace da tata dokar. Mu ma'aikatan gwamnati mun san irin wannan waƙar.

Wurin da ya fi jan hankalina shi ne binciken Heinz Wimmer na jami'ar Salzburg a Ostiriya. A 1993 ya nuna cewa yara masu jin Jamusanci da ke da lalurar ba sa yawan kuskure in suna karatu. Suna karantawa daidai, amma a hankali ƙwarai. A 1997 shi da Karin Landerl da Uta Frith suka gwada yaran Ostiriya da na Ingila da kalmomi masu kama da juna, sai na Ingila suka fi tafka kuskure nesa ba kusa ba. Dalili? Jamusanci kusan yadda aka rubuta shi haka ake furta shi, Turanci kuwa harafi guda sai ya yi maka sauti uku ko huɗu. Ke nan lalurar ɗaya ce, tsarin rubutun harshe ne ke sauya mata fuska.

Idan yaron ya girma fa? Abin ba ya tafiya, ɓuya yake yi. Babban mutum Bajamushe mai disleksiya zai iya gama jami'a, zai karanta jarida ya fahimta sarai. Abin da ke binsa har tsufa shi ne jinkirin karatu, da kuskuren rubutu. Kalmomin viel da fiel furucinsu ɗaya, haka Meer da mehr, dole sai ka haddace surar kowace. Ga kuma kalmomi masu tsawon igiya: sunan kotun nan da na ambata, Bundesverfassungsgericht, haruffa 24 ne. Sannan akwai raunin riƙe sauti a ka na 'yan daƙiƙoƙi, irin riƙon da kake yi wa lambar waya kafin ka rubuta ta. In aka jera masa hotuna ko launuka aka ce ya ambaci sunayensu da sauri, yakan yi baya. Amma a gwajin tunani da ba ya buƙatar kalmomi, kamar gano tsarin siffofi, kafaɗa da kafaɗa yake da kowa. Da na karanta wannan sai na ga abokin aikina tsaye a gabana.

Rubutun Hausar boko ya fi kusa da Jamusanci a wannan fannin, ko da yake mu ba ma nuna tsawon wasali da karin sauti, shi ya sa gari na zama da gari na tuwo suke fita iri ɗaya. Sai dai yaranmu da Turanci ake auna su, harshen da ya fi tona asirin mai wannan lalura.

Mu koma kotu. Wasu mutum uku da suka gama sakandare a Bavariya a 2010 ne suka kai ƙara, saboda an rubuta a takardar shaidarsu cewa ba a duba ƙa'idar rubutunsu ba. Duk mai ɗaukar aiki da ya gani ya san me ake nufi. Alƙalan Karlsruhe suka ce legasteni naƙasa ce da sashe na 3 na tsarin mulki ya kare. Suka ce a ƙa'ida ana iya sa irin wannan bayani a takardar shaida, amma a kan waɗannan ukun an yi wariya, tunda masu wasu naƙasun da su ma aka yafe musu wani ɓangare ba a rubuta musu komai ba. Shekara 13 suka jira. Ni dai hukuncin bai gamsar da ni gaba ɗaya ba, don ya bar ƙofar tambarin a buɗe.

Jiya bayan la'asar na karanta wa abokin nawa wannan rubutun da baki kafin na saka shi. Ya saurara har ƙarshe, ya gyara min lissafin shekaru a wuri guda. Sannan ya ce, "Malam, sake faɗa min sunan kotun nan." Na faɗa sau uku, a na ukun ni ma harshena ya harɗe.