Ɗakin Duhun Ibnul Haisam

Fiye da shekara dubu masana suna ja-in-ja a kan yadda ido yake gani. Uƙlidis da Batlamus sun ce wani haske ne yake fita daga ido ya je ya taɓo abin da ake kallo, mabiyan Aristotal kuwa suka ce siffar abin ce take shigowa. Kowane ɓangare da hujjarsa ta fatar baki, kuma ba wanda ya kayar da wani. Hasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra wajen shekarar 965, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya shiga wannan gardama da Kitabul Manazir, littafi mai juzu'i 7 da ya rubuta tsakanin 1011 da 1021. Ana yawan yabonsa da cewa ya gano haske ne yake shiga ido. A ganina ba nan girmansa yake ba, domin Ibn Sina, wanda suka yi zamani ɗaya, shi ma ya ƙi yarda cewa ido yana fitar da haske. Abin da ya bambanta Ibnul Haisam shi ne yadda yake kafa hujja.

Ga misali. Ya ce a jera fitilu a wurare daban-daban a gaban wata 'yar kafa da ke ɓullawa cikin ɗaki mai duhu. A bangon da ke fuskantar kafar za a ga ɗigon haske daidai yawan fitilun, kowanne a miƙe da fitilarsa. A rufe fitila ɗaya, ɗigonta kaɗai zai ɓace. A buɗe ta, ya dawo inda yake. Daga nan ya nuna haske a miƙe yake tafiya, kuma hasken fitilun ba ya cakuɗewa ko da ya haɗu a kafa ɗaya. Abu guda aka canza, aka bar sauran yadda suke, sannan aka rubuta matakan dalla-dalla. Wanda bai san marubucin ba, ko ma bai yarda da shi ba, zai iya kunna fitilunsa ya gani da idonsa. Ginshiƙin hanyar binciken kimiyya ke nan.

Masu suka suna da abin faɗa. Suna cewa ba shi ya fara gwaji ba, tunda Batlamus tun ƙarni na 2 ya auna yadda haske yake karkacewa idan ya shiga ruwa daga iska. Haka ne, kuma laƙabin uban kimiyya da ake liƙa wa mutum ɗaya ya fi kama da kirari. Amma Ibnul Haisam ya mai da gwaji ƙa'ida daga farkon littafi har ƙarshensa, ya kuma rubuta littafi sukutum na shakkunsa a kan Batlamus ɗin, wanda a lokacin kusan ba a ja da maganarsa. Suna kuma cewa ya yi kuskure, domin ya ɗauka a madubin da ke cikin ido ake fara karɓar siffa, alhali a tantanin da ke can bayan ido hoton yake sauka. Wannan ma gaskiya ne. Sai dai a duba yadda aka gane kuskuren. An fassara Kitabul Manazir zuwa Latin wajen 1200, aka buga shi a Basel a 1572, kuma a kansa Kepler na Jamus ya ɗora aikinsa ya gyara batun a 1604. Littafin da ya bayyana matakansa ne kaɗai ake iya kamawa da kuskure irin wannan.

A gabas ma aikin bai tsaya ba. A farkon ƙarni na 14 Kamaluddin Alfarisi ya yi wa littafin sharhi, ya cika ƙwallon gilashi da ruwa a madadin ɗigon ruwan sama, ya sa shi a ɗakin duhu, ya bayyana yadda bakan gizo yake samuwa, abin da Ibnul Haisam kansa bai dace da shi ba.