Fara Lambun Gida Daga Iri a Ƙarshen Hunturu

A arewacin Najeriya hunturu yakan fara ja da baya a watan Fabrairu, daga nan zafin bazara ya shigo a Maris da Afrilu. Duk irin da muka shuka a ƙarshen sanyi, cikin zafi zai girma. Wannan ne ya kamata ya nuna mana abin da za mu shuka, domin daga Afrilu zuwa farkon damina kayan miya sukan yi tsada a kasuwa.

Abin da ya dace mu shuka

Alayyahu, kuɓewa, rama, yakuwa da lalo suna jure zafi in dai akwai ruwa. Alayyahu yakan tsiro cikin kwana 3 zuwa 5, a fara tsinkarsa bayan kamar mako 4. Kuɓewa takan fara 'ya'ya cikin wata 2. Tumatir kuwa furensa yakan zube idan zafin rana ya kai wajen digiri 35, shi ya sa manoman rani suke renonsa tun Oktoba ko Nuwamba. Latas, kabeji da karas ma sanyi suke so. A tuddan Jos da Mambila, inda zafi ke da sauƙi, ana iya ci gaba da shuka su.

Gwajin iri

Kafin mu wahala a banza, mu gwada irin. Mu ƙirga ƙwaya 10, mu naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, mu ajiye a inuwa har mako ɗaya, kada tsumman ya bushe. In 7 ko fiye suka tsiro, irin yana da kyau. In ba su kai rabi ba, mu nemi wani. Barkono yakan fi jinkiri, sai mu ba shi mako 2 zuwa 3.

Shirya ƙasa

Mu zaɓi wurin da ke samun ranar safe, kusa da ruwa, mu kewaye shi da shinge saboda kaji da awaki. A rani, fangali mai ɗan zurfi ya fi kunya riƙe ruwa. Mu gauraya ƙasar da takin dabbobi wanda ya ruɓe sosai, gama ɗanyen kashin kaji yana ƙone tsiro. Wanda ba shi da fili zai iya huda gindin buhu ko tsohon bokiti, ya cika da ƙasa da taki.

Yadda ake shuka

Zurfin rami kada ya wuce ninki biyu na girman ƙwayar. Irin alayyahu ƙanana ne ƙwarai, sai mu cuɗa shi da yashi kafin mu yafa. Kuɓewa a jiƙa ta ta kwana a ruwa, a shuka ta kai tsaye, domin ba ta son dashe. Barkono da attarugu kuwa a yi renonsu a ƙarƙashin 'yar rumfar ciyawa, a dasa su da yamma bayan kamar mako 6, su tarar da ruwan farko.

Ban ruwa

Mu ba da ruwa da sassafe da kuma yamma, a hankali, don kada iri ya tone. Ruwan da ya kwanta yana ruɓar da gindin ƙananan tsirrai. Mu rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa domin ta riƙe laima. In tsirrai sun yi cunkoso, mu cire raunana.

Mu fara da fangali ɗaya ko biyu, gwargwadon ruwan da gidan zai iya ɗebowa kowace rana har damina ta sauka.