Tarihin Alamar Tauraro Wajen Neman Fayil

Duk wanda ya taɓa rubuta *.txt a kwamfuta, ya ga ta jero masa dukan fayilolin da sunansu ya ƙare da waɗannan haruffa, to ya ci gajiyar wata hikima da aka bunƙasa a ɗakunan bincike na Bell Labs a Amurka, inda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma gina tsarin Unix a shekarar 1969.

A littafin bayanin Unix na farko, wanda ya fito a 1971, an riga an kafa ƙa'idar cewa tauraro (*) yana wakiltar kowane jerin haruffa, mai tsawo ko gajere, alhali kuwa alamar tambaya harafi ɗaya tak take wakilta. Amma da yake injin PDP-11 da suke aiki da shi ƙwaƙwalwarsa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, sai aka ɗora wannan aiki a kan wata ƙaramar manhaja dabam mai suna glob, wadda shel, wato mai karɓar umarni, yakan kira idan ya ci karo da ɗayan alamomin nan, ita kuwa ta duba sunayen da ke wurin, ta tsamo waɗanda suka dace, sa'an nan ta miƙa su ga umarnin da aka nufa. A shel ɗin Stephen Bourne, wanda ya fito a 1979 tare da bugu na bakwai na Unix, an shigar da aikin cikin shel kansa.

A ganina, nan ne muhimmin ijtihadinsu yake, domin umarnin ba ya ganin tauraron ko kaɗan, sunaye kawai suke isa gare shi, saboda haka kowace sabuwar manhaja takan gaji wannan ni'ima ba tare da mai rubuta ta ya wahala ba. Tsarin MS-DOS kuwa, da ya zo a 1981 bisa tafarkin CP/M na Gary Kildall, ya bar wa kowace manhaja fassara alamomin da kanta.

Sai dai sauƙin nan yana tafe da haɗari babba, gama wanda ya yi nufin rubuta rm *.o don share tarkacen aiki, yatsansa ya zame ya bar fili tsakanin tauraro da ɗigo, haƙiƙa ya umarci injin da ya share duk fayilolin da ke bayyane a wurin, injin kuwa zai zartar ba tare da ya tambaye shi ba.